Yadda Ake Karya Dattin Sinadari a Ruwan Rini da Gurɓatacciyar Ƙasa ta Hanyar Fenton

Duk wanda ya taɓa bin unguwannin da ake rinin shadda a Kano, ko ya ratsa rukunin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, ya san irin ruwan da ke fitowa daga lambatu, wani shuɗi, wani ja, wani kuma baƙi wuluk. Ruwan ba ya tsayawa inda aka zubar da shi, yana gangarawa ne zuwa kogin Challawa ko rafin Jakara, inda masu noman rani ke ja su shayar da latas da kabeji da karas. Rinin gargajiya irin na marinar Ƙofar Mata, wanda ake haɗawa da baba da toka da katsi, bai kai wannan matsala ba, domin kayansa daga tsiro da itace suke. Rinin zamani kuwa an ƙera shi ne takanas don ya jure rana da sabulu da gumi, kuma wannan juriya da ke sa mai saye ya yaba wa shadda ita ce ke hana ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwa da ƙasa su ruɓar da shi idan ya fita kwata.

Mutane da yawa sukan zuba alif su jira dattin ya kwanta, su ɗauka an gama. Alif yana tara datti ne wuri guda, ba ya canza shi. Abin da yake cikin ruwa ya koma cikin laka, gubarsa kuma tana nan yadda take. Aikin da ake magana a kai a nan, wato hanyar Fenton, daban ne: a sassare ƙwayar sinadarin kanta, a mayar da ita ƙananan gutsattsari, idan an kai ƙarshe kuma ta zama ruwa da iskar kabon da ɗan gishiri.

A shekarar 1894 wani masanin sinadarai na Ingila mai suna Henry Fenton ya lura cewa idan aka haɗa gishirin ƙarfe da haidurojin feroksaid, wato ruwan nan da ake saya a kemis don wanke ciwo, haɗin yana cinye asid ɗin tatarik, wato tsamin da ke cikin tsamiya, da ƙarfin da babu ɗayansu mai shi idan yana shi kaɗai. Sai a 1934 ne Fritz Haber da Joseph Weiss suka bayyana dalili: ƙarfen yana fasa feroksaid, daga fashewar kuma sai a samu wata ƙwaya mai suna haidiroksil, wadda ba ta rayuwa ko na ƙiftawar ido amma tana far wa kusan duk wani sinadari mai tushen kabon da ta tarar. A ma'aunin ƙarfin cin sinadari, haidiroksil tana da bolt 2.8, iskar ozon tana da 2.07, feroksaid shi kaɗai 1.78, kulorin kuwa 1.36. Wannan tazara ce ta sa hanyar ke iya abin da bilic, mai aiki da kulorin, ya kasa.

Kafin a sayi ko da kwalba ɗaya ta sinadari, wajibi ne a san abin da hanyar ba ta iyawa. Ba ta karya ƙarafa irin dalma da kuromiyam da zaiba, domin su ba haɗi ba ne balle a raba su. Shi ya sa lokacin da gubar dalma ta hallaka yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, maganin da aka yi wa ƙasar shi ne a kankare samanta a kwashe a zuba sabuwa. Haka nan sinadaran da kulorin ko fulorin ya yi musu katutu, irin su kulorofom, ba sa jin haidiroksil sosai. Inda hanyar ke da ranarta shi ne rini, da finol, wani sinadari mai guba da ake samu a ruwan masana'antu, da ragowar wasu magungunan ƙwari, da sassan fetur da gas masu narkewa cikin ruwa.

Sanin ruwan kafin taɓa shi

A kai samfurin ruwan ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa a auna abubuwa uku: ma'aunin tsami da ake rubutawa pH, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, 7 kuma tsaka-tsaki ne, da COD, wato yawan iskar oksijin da dattin ke bukata kafin ya ƙone ƙurmus, da kuma ƙarafan da ke ciki. Sannan a tambayi masu aikin abin da suka zuba, domin amsarsu na iya ceton rai. Ruwan masana'antar jima yana ɗauke da salfaid da ake cire gashin fata da shi, kuma da zarar asid ya taɓa shi sai ya saki iskar nan mai warin bara-gurbi, wadda idan ta yi yawa take kashe jin warin mutum kafin ta kashe shi. Kada a kuskura a zuba asid a irin wannan ruwa sai an kawar da salfaid ɗin kuma gwaji ya tabbatar da hakan. Ruwan rinin shadda shi ma yakan zo da kostik soda da haidurosalfait. Na biyun yana sakin iska mai shaƙe maƙogwaro idan ya haɗu da asid, kuma yana lashe feroksaid a banza kafin ya kai ga rinin.

Maganin wannan na biyu yana hannun marina tun da daɗewa, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Kowane marini ya san ƙyalle yana fitowa daga ruwan baba da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi, launin ya kama. To haka ruwan da ya rage yake: idan aka tara shi a buɗaɗɗen kwarami aka yi ta motsa shi ko aka hura masa iska na kwana ɗaya ko biyu, haidurosalfait ɗin zai mutu, wani kaso na rinin kuma zai daina narkewa ya kwanta da kansa. Sai a tsiyaye na sama, a tace zare da tsumma da yashi, idan akwai maiƙo a kwashe. Duk dattin da iska da haƙuri suka cire kyauta, kuɗin feroksaid ne aka tsira da shi.

Gwajin kwalba

A nan ne mafi yawan masu gaggawa ke yin asara. Babu wani awo guda da ya dace da kowane ruwa, saboda haka lissafi yana nuna inda za a fara ne kawai, kwalba ce ke nuna inda za a tsaya. A lissafe, kowane giram ɗaya na COD yana bukatar kusan giram 2.1 na tsantsar feroksaid. A ɗauka ana da tanki mai lita 1,000 kuma gwaji ya nuna COD miligiram 1,000 a kowace lita. Ke nan akwai kilo ɗaya na COD a tankin, wanda zai bukaci kilo 2.1 na feroksaid. Wanda masana'antu ke saya mai ƙarfin kashi 50 cikin 100 yana ɗauke da kusan giram 600 a kowace lita, don haka ana maganar lita uku da rabi. Na kemis mai kashi 3 ko 6 cikin 100 bai dace da babban aiki ba, kuɗinsa zai karya mutum. Shi kuma ƙarfe ana farawa ne da kashi ɗaya bisa goma na feroksaid ta fuskar nauyi, ko da yake abin da ake amfani da shi yana kaiwa daga ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa ashirin da biyar. Kashi ɗaya bisa goma na kilo 2.1 shi ne giram 210, kuma tun da gishirin feros salfet, mai kama da koren sukari, kashi 20 cikin 100 ne kawai na nauyinsa ƙarfe, za a bukaci kusan kilo ɗaya.

A jera kwalabe shida masu faɗin baki, kowace da lita ɗaya na ruwan. A sauke pH ɗinsu duka zuwa 3 da asid, a zuba giram ɗaya na gishirin ƙarfe a kowace, sannan a bambanta feroksaid: mililita ɗaya a ta farko, biyu a ta biyu, uku da rabi a ta uku, biyar a ta huɗu. A ta biyar a zuba uku da rabi amma a rage ƙarfe zuwa rabi, ta shida kuma a bar ta babu feroksaid don a ga abin da ƙarfe kaɗai ya yi. Ya fi sauƙi da aminci a sirka feroksaid ɗin da ruwa ninki goma a riƙa aunawa da sirinji, a ninka kowane awo sau goma. Sau da yawa za a tarar cewa rabin abin da lissafi ya bayar, ko ma sulusinsa, ya isa ya kashe launi ya kuma sassauta dattin yadda ƙwayoyin halitta za su iya ƙarasa shi a tafkin tacewa, kuma a ganina nan ya kamata ƙaramar masana'anta ta tsaya, domin ƙone kashi na ƙarshe da sinadari ya fi kashi na farko tsada nesa ba kusa ba. Za a kuma ga cewa ƙari ba koyaushe yake ƙara amfani ba: idan feroksaid ko ƙarfe ya yi yawa, su da kansu suke cinye haidiroksil ɗin da aka sha wahalar samarwa.

Aiki a tanki

Tankin ya zama na roba mai kauri, buɗaɗɗe, a fili inda iska ke kaɗawa, kuma kada a cika shi fiye da kashi biyu bisa uku saboda kumfa. Duro na ƙarfe ko na kwano ba zai yi ba, asid zai ci shi. Mai aiki ya sa tabarau mai rufe ido gaba ɗaya, da safar hannu ta roba, da takalmin ruwa, a kuma ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa, domin feroksaid mai kashi 50 yana ƙona fata nan take ya mayar da ita fara, ɗigonsa a ido kuwa yana iya makantarwa. A ajiye shi cikin jarkarsa ta asali mai murfin numfashi, a inuwa, nesa da fetur da tina da tsumma da dusar katako, domin yana iya tayar da gobara idan ya jiƙa su.

Da farko a sauke pH zuwa tsakanin 2.8 da 3.5 da asid ɗin salfa da aka sirka. Wajen sirkawa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid. Sabon asid ɗin batir da ba a taɓa zuba shi a batir ba asid ɗin salfa ne kuma zai yi aiki. Wanda aka tsiyaye daga tsohon batir kuwa cike yake da dalma, kuma amfani da shi gyaran gangar auzinawa ne. An fi son asid ɗin salfa a kan na haidurokulorik saboda kulorin ɗin cikin na biyu yana rage wa haidiroksil ƙarfi, kuma wannan ne ma ya sa ruwan rinin da aka zuba wa gishiri da yawa yakan bukaci ƙarin sinadari. Dalilin nacewa a kan pH 3 shi ne, idan ya haura 4 ƙarfen yakan fara zama tsatsa ya kwanta ya bar aiki, feroksaid kuma ya watse ya zama ruwa da oksijin. Idan ya gangara ƙasa da 2.5 kuma aikin yakan yi sanyi. Takardar gwajin pH tana iya wadatarwa, amma tun da ruwan rini yana ɓata launinta, ƙaramar na'urar aunawa ta fi.

Na biyu, a narkar da gishirin ƙarfe a bokiti a zuba a juya sosai. Na uku shi ne feroksaid, wanda za a raba kashi huɗu ko biyar a riƙa zubawa da tazarar minti goma zuwa goma sha biyar ana juyawa. Ba a haɗa gishirin ƙarfe da feroksaid mai ƙarfi a mazubi ɗaya kafin a kai su tanki, domin haɗin yakan tafasa ya yi tsartuwa cikin daƙiƙoƙi. Ruwan zai ɗumama, ya yi kumfa, launinsa ya fara duhu kamar shayi kafin ya washe. Zafin da ya dace shi ne digiri 20 zuwa 40. Idan ya wuce haka feroksaid yana lalacewa kafin ya yi aiki, don haka a watannin bazara, lokacin da zafin rana a arewa kan kai digiri 40, a yi aikin da sassafe kuma a rufa wa tankin rumfa. A riƙa duba pH ana cikin aiki, domin yakan ƙara sauka yayin da dattin ke fashewa zuwa ƙananan asid.

Datti mai sauƙi irin finol yakan karye cikin minti 30 zuwa 60, ruwa mai haɗe-haɗe kuwa yakan ɗauki sa'o'i. Idan kumfa ta lafa kuma takardar gwajin feroksaid ta nuna ya kusa ƙarewa, sai a ɗaga pH zuwa tsakanin 7 da 9 da kostik soda ko layim, wato farar ƙasar da ake shafa wa gini, da aka dama. Nan take za a ga curi-curi masu launin tsatsa suna haɗuwa suna sauka, kuma wajen saukarsu suna jan ragowar datti, wanda riba ce ta biyu da hanyar ke bayarwa. A bar shi ya kwana, a tsiyaye ruwan da ke sama, a bi da shi ta kan yashi da gawayi.

Washewar launi ba shaida ba ce cewa guba ta tafi, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne haɗari. Launi yana gushewa ne da zarar an yanke mahaɗa ɗaya a jikin ƙwayar rinin, alhali gutsattsarin da suka rage suna iya fin uwarsu guba. Finol, alal misali, yakan bi ta haidurokwinon da benzokwinon kafin ya ƙare, kuma dukansu sun fi shi illa ga halittun ruwa. Saboda haka a sake auna COD, amma bayan an tabbatar babu sauran feroksaid, domin ragowarsa tana sa sakamakon ya haura ƙarya. Akwai kuma gwaji mai araha da kowa zai iya: a shimfiɗa irin latas ko gero ashirin a kan auduga a faranti biyu, a jiƙa ɗaya da ruwan rijiya, ɗaya da ruwan da aka gyara, a kwatanta yawan tsiro da tsawon saiwa bayan kwana biyar. Ko sakamakon ya yi kyau, wannan ruwa ba na sha ba ne kuma ba na shayar da dabba ba. Na sake wanki ne a masana'anta, ko na sakewa bisa ƙa'idojin NESREA, hukumar tarayya mai kula da ƙa'idojin muhalli da aka kafa a 2007, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Lakar da ta kwanta a shanya ta a kwarami mai daɓen siminti, a auna ƙarafanta, domin wasu rinukan suna ɗauke da tagulla ko kuromiyam, kuma kada a bai wa manomi ita da sunan taki.

Wani zai ce me zai hana a zuba bilic, tun da yana ko'ina kuma yana kashe launi. Tun 1974 aka gano a Rotadam ta ƙasar Holan cewa kulorin idan ya haɗu da datti mai tushen kabon yana haifar da kulorofom da danginsa, kuma a ruwa mai datti irin na rini abin da zai haifar ya fi haka yawa da wuyar karyewa.

Idan dattin a ƙasa yake

Ƙasa ta fi ruwa taurin kai, domin ba a iya juya ta da sanda, kuma sinadari ba ya karya abin da bai taɓa ba. A jigawa mai yashi ruwan magani yana ratsawa. A ƙasa mai yumɓu kuwa yana bin tsaga ne ya bar dattin a ƙulle cikin ɗanko. Ita kanta ƙasar tana da nata rabon da take lashewa: ruɓaɓɓen ganye da taki suna cin feroksaid kamar yadda mai yake ci, jar ƙasa mai marmara kuma tana da ƙarfenta na halitta da ke fasa shi da sauri, wani lokaci kafin ya nutsa ko taƙi ɗaya. Don haka gwajin kwalba a nan ma shi ne farko, da ƙasar wurin ba wata ba.

Ga ƙaramin fili irin na gareji inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa, ko inda jarkar gas ta tsiyaye, hanya mafi aminci ita ce a kwashe man da ke kwance, a haƙe ƙasar da ta ɓaci, a baza ta a kan daɓe ko leda mai kauri da aka yi wa gefe don kada ruwa ya gudu, a farfasa ɓurɓushinta. Tun da sauke pH na ƙasa zuwa 3 yana da wuya kuma yana kashe ta, ana haɗa gishirin ƙarfe da asid ɗin sitirik, wato tsamin da ke cikin lemo, wanda ke riƙe ƙarfen a narke ko da ƙasar ba ta da tsami. A yayyafa wannan, a juya da shebur, sannan a bi da feroksaid da aka sirka zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100, kaɗan-kaɗan, a maimaita sau uku ko huɗu da tazarar kwanaki. Gas da kananzir sun fi saurin ji; baƙin mai mai kauri yana ragewa ne kawai.

Inda dattin ya yi zurfi har ya kusa ruwan rijiya, injiniyoyi suna haƙa ƙananan ramuka su tura sinadari ciki, kuma a nan zaɓi ya fi faɗi. Fasalfet, wani sinadari mai cin datti irin feroksaid, yana daɗewa makonni a ƙasa, ana kuma tayar da shi da zafi ko ƙarfe ko soda. Famanganet, wani mai cin datti mai launin shunayya, yana kai watanni kuma ya ƙware a kan sinadaran wankin tufafi da na wanke injina masu kulorin, amma ba ya taɓuka komai a kan benzin na cikin fetur, sannan yana barin baƙar laka da ke toshe ƙofofin ƙasa. Ga masu kulorin ɗin akwai ma hanyar da ba ƙonawa ba ce, wadda Robert Gillham da abokan aikinsa na Jami'ar Waterloo a Kanada suka gwada a farkon shekarun 1990: a binne katangar garin ƙarfe a kan hanyar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙarfen ya riƙa zare kulorin yayin da ruwan ke ratsawa. Wannan aiki na tura sinadari ƙarƙashin ƙasa ba na mai koyo ba ne. Feroksaid yana haifar da zafi da oksijin, kuma idan suka haɗu da tururin fetur kusa da tankin gidan mai ko bututun da aka binne, fashewa ce. A ƙasar da ke kusa da majema kuma, waɗannan sinadarai suna iya mayar da kuromiyam daga nau'insa mai kwanciya zuwa nau'i na shida mai narkewa da haddasa sankara, ya bi ruwa zuwa rijiyoyin maƙwabta. Girman fili ma yana da iyaka: a ƙasar Ogoni, inda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 kafin a farfaɗo da muhalli, sinadari zai iya amfani a wuraren da gubar ta taru ne kawai, ba a dubban kadada ba.

Ƙasar da aka yi wa wannan magani tana fitowa a gajiye, ƙwayoyin halittarta sun ragu ƙwarai. A bar ta mako biyu, a auna pH a daidaita shi da toka ko layim idan ya sauka, a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin shanu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa kowane mako domin ƙwayoyin su dawo su cinye abin da sinadari ya sassara. Kada a yanke hukunci da samfurin makon farko, domin man da ya ɓuya cikin yumɓu yakan sake fitowa a hankali har awon ya koma sama. A sake ɗaukar samfuri bayan wata uku da kuma bayan wata shida, ɗaya daga cikinsu bayan saukar damina. Abin da za a fara shukawa a wurin ya zama ciyawa ko itacen inuwa, a jinkirta kayan miya da rogo da dankali har sai awo biyu a jere sun fito ƙasa da iyakar da hukuma ta gindaya.